Hamajoɗa da Mai Ɓera

A bakin kakata Nana Aisha na fara jin sunan Hamajoɗa, kuma cikin faɗa na ji shi. Ina firamare a lokacin, ana shirin bikin Goggo Sabuwa, ƙanwar babana, wadda za a kai Gashua. Wani ɗan'uwanmu mai suna Yunusa ya ce shi zai ɗauki nauyin kati, ya tafi da shi can birni aka bugo mai furanni ruwan zinare. Da aka kawo, Nana ta ce a karanta mata. Aka karanta har ƙasa, inda aka rubuta: "Ana maraba da baki."

"Baki?" in ji Nana. "Wane bakin?"

"Baƙi ake nufi, Nana."

"To ai ba haka aka rubuta ba. Shi ke nan, kowa zai zo da nasa."

Ranar biki kuwa kafin la'asar tukwane sun koma fayau. Nana ta tsaya a tsakar gida riƙe da ludayi tana cewa, da Hamajoɗa aka kai wa aikin nan, da ya sa wa baƙin ƙugiyarsu. Ni dai na ɗauka wani maƙeri ne, tunda an ambaci ƙugiya. Sai da na girma kaɗan aka fara aikena shagonsa, a layin da ke gangarawa tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Nguru, na ga ashe mai buga takardu ne. Dogon Bafulatani siriri, mai ɗan farin gemu, kullum da hula zanna ta ɗan karkata. Aminin kakana ne, marigayi Alhaji Lawal, wanda iyayensa suka zo daga Haɗejia da fatauci. Saboda haka Baffa muke ce masa.

A gidanmu ni ce mai tambaya. Wa ya haifi wa, wace shekara aka yi ambaliya, me ya raba wane da wane, duk ni ake turo wa. Shi ya sa ban bar Baffa ya huta ba sai da ya ba ni labarinsa, guntu-guntu, yana aiki yana magana.

A wata ruga wajen Machina aka haife shi. Ya ce 'ya'yan da mahaifiyarsa ta haifa kafin shi ba su zauna ba, shi ne aka raɗa masa sunan da ke roƙon ya zauna. Ya zauna ɗin, amma kiwo ya gagare shi. In an biyo da shanu kasuwar Nguru, sai a neme shi a rasa, a same shi a tasha ya ƙura wa rubutun jikin taragu ido, yana zana irinsa a ƙasa da sanda. Ranar da wata karsana ta shiga gonar mutane yana can yana zane, mahaifinsa ya ce wannan ba na daji ba ne, a kai shi boko ko ya yi amfani a can. Malamin da ya rubuta sunansa ya sa Hamajoda. Ya ce tun ranar abin ke masa ciwo, don in aka cire wa harafin nan lanƙwasarsa, sunan bai ce komai ba.

Bayan firamare ya koyi tafireta. Ya yi shekaru a gindin wata bishiyar maina yana buga wa mutane takardun neman aiki da na cinikin fili. Tafireta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, don haka in ya gama sai ya zare takardar, ya ɗauki biro baƙi, ya bi layi-layi yana ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa. Masu gaggawa su yi ta tsaki, shi ko a jikinsa. Da kwamfuta ta shigo gari, yana cikin na farkon da suka saya. Ya tambayi wanda ya sayar masa da ita ma'anar maus, aka ce ɓera. Daga ranar bai sake kiransa da wani suna ba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a shekarar da na gama sakandare, ana shirin auren yayata Wasila.

Kafin nan hannun Baffa na dama ya fara rawa. Da farko kaɗan ne, sai in ya ɗauki kofin shayi. Daga baya ya kai ga ɓera. Duk wanda ya taɓa kwamfuta ya san in za ka buɗe abu sai ka danna sau biyu da sauri. To shi Baffa in ya danna na farko, kafin na biyu hannun ya goce, sai ya ja folda ya jefa ta cikin wata. Na taɓa tarar da shi yana neman katin sunan wani jariri, ashe ya faɗa cikin takardun ƙungiyar dillalan shanu. A madannai kuma yatsa ya riƙa buga harafi sau biyu ba da niyya ba, ya rubuta aurre maimakon aure, ya koma ya goge. Aikin da yake yi kafin azahar ya koma na yini guda.

Ana cikin haka kwamfutar ma ta gaji. Ta daɗe a kan wani tsohon Windows da aka daina sabuntawa, ga nauyi, ga ƙwayoyin cuta da filas ɗin mutane ke kwaso mata. Ɗansa Mahfuz, da ke aiki a Kano, ya zo ya gan shi yana fama, ya ce, "Baffa, don Allah ka rufe shagon nan ka huta. Me ka rasa?"

Baffa ya ce zai yi tunani. Amma Nana ta riga ta aiko ni da saƙo: katin Wasila, in ba Hamajoɗa ne zai buga ba, to a yi bikin babu kati. Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni. Ya kalli hannunsa a kan tebur, sannan ya ce, "Jikar Lawal, ki ce wa Nana na ji. In na iya buga wannan da hannuna, babu kuskure, zan ci gaba da zama. In ya gagara, Mahfuz ya yi gaskiya."

Ya ce akwai mutum ɗaya da zai kai wa kwamfutar, wani Saleh mai gyara a Gashua, da ake ce wa Ba Saleh. Da ma za a aike ni wurin Goggo Sabuwa da ankon biki, sai aka haɗa tafiyar. Ya naɗe kwamfutar da bargo kamar jinjiri, ya hana a sa ta a but, ya rungume ta a cinya. A Jajimaji wata mata da ta shigo motar ta leƙa bargon ta ce Allah ya ba shi lafiya. Baffa ya ce amin, bai gyara mata ba.

Shagon Ba Saleh ɗan ƙarami ne a bakin kasuwa, cike da gawarwakin firinta. Mutum ne kakkaura, Babarbare, da zanen gado a kumatu, ya ɗan girmi babana. Yana hango mu ya miƙe da gaisuwarsu ta Barebari, ya hau wasan da ke tsakaninsu da Fulani.

"Wushe, wushe! Yau bawana ya tuna da ubangidansa. Me ka kawo mini, nono?"

"Na kawo maka aiki, don na ji an ce yunwa ta kusa kashe ka," in ji Baffa. "Rahima, gaishe shi. Ba don halinsa ba."

Na durƙusa na gaishe shi ina dariya. Ya buɗe kwamfutar ya hura, ya duba cikinta, ya ce ƙarfen da sauransa, amma sabon Windows ba zai hau ta ba, ta yi masa tsufa. Hanya biyu ce: ko a sayi sabuwa, ko a sa wa wannan wata babbar manhajar da ake kira Linux, wadda ba ta da nauyi kuma kyauta ce. Ya faɗi gaskiya, ya ce manhajar da Baffa ke zana kati da ita ba ta aiki a can, sai dai wata mai kama da ita, kuma wasu tsofaffin katunan ba za su buɗe daidai ba.

Ni a makaranta an koya mana kwamfuta, amma ban taɓa sanin akwai wata ba Windows ba. Na ɗauka da ita ake haihuwar kowace kwamfuta. Na tambaya, Ba Saleh ya ce, "'Yata, babbar manhaja ita ce jakin. Abin da kike gani a gilashi, inda ake dannawa, inda ake ajiye folda, wannan akumari ne. A Windows jakin da akumarinsa a ɗinke suke zuwa. A nan kuwa kina iya sauke wannan ki ɗora wancan. Mu fuska muke ce masa."

"Ikon Allah," in ji Baffa. "Yau Babarbare ne zai koya mini zaɓen fuska."

"Ai gara ni, tawa an yi mata ado."

Ya ɗauko filas ya ce a ciki akwai fuska iri-iri, kuma ana iya gwada kowace ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. In an zare filas ɗin, komai ya koma yadda yake. Wannan ya burge Baffa ƙwarai. Ya sa aka maimaita masa. Ya ce ko a kara, kasuwar shanu, ba a ba ka bijimi ka je ka yi huɗa da shi ka dawo ka ce ka fasa. Ba Saleh ya ce shi dai shawararsa a sa ta farko a wuce wurin, ita yawancin mutane ke so.

"Ban sayen dabba a tsaye," in ji Baffa. "A kora ta in ga tafiyarta."

Ta farko sunanta Gnome. Kyakkyawa ce, fes, babu tarkace, gumakanta, wato 'yan hotunan da ake dannawa, manya-manya. Na ce a raina an gama. Baffa ya kama ɓera, hannun ya yi rawarsa, kibiyar da ke gilashin ta zille ta bugi kusurwar sama ta hagu, sai duk abin da ke buɗe ya ja da baya ya jeru ƙanana-ƙanana. Baffa ya janye hannu.

"Me na yi mata?"

"Haka take, in ka taɓa kusurwar tana nuna maka komai. Ana iya kashewa."

"A'a, bar ta. Ina ta ɓoye foldodina? Ni ina son kayana a shimfiɗe a gabana, kamar na mai koli."

Ta biyu KDE. Ita kam ta kusa hana mu barin Gashua da rana. Komai nata ana iya canza shi: launi, girman rubutu, ƙarar da take yi, har yadda taga ke rufuwa. Baffa ya shiga wannan ƙofa ya fita ta waccan, yana tambaya, wannan fa, in na taɓa wannan fa? Ya mayar da kibiya ja, ya mayar da ita ƙatuwa, ya kai sandar da ke ƙasan gilashin sama ya dawo da ita. Ba Saleh ya tafi masallaci ya dawo, ni na je na kai wa Goggo saƙonta na dawo da kwanon shinkafa da kifi, yana nan. Fuskarsa kamar ta yaron nan na tashar jirgi da ya ba ni labari. Can ya sauke numfashi ya ce a cire.

"Ba ta yi ba?" na tambaya.

"Ta yi yawa. Wannan in na kai ta shago, ita zan riƙa kiwo, aikin mutane ya shiga gona."

Ta uku da ta buɗe ba ta da wani kyau. Fili ne kawai da sanda guda da 'yan gumaka. Amma a kusurwa ga ɗan hoton ɓera. Baffa ya matso da fuskarsa.

"Wannan fa?"

"Tambarinta ke nan. Sunanta Xfce."

"Sunan ba ya karantuwa. Mai Ɓera dai."

Ta buɗe da sauri, tsohuwar kwamfutar ko nishi ba ta yi. Ba Saleh ya gyara ta yadda dannawa ɗaya ta isa buɗe folda, ya rage wa kibiya gudu. Ya ware wani madanni guda, ya ce in an taɓa shi an saki, sannan aka taɓa k, sai ƙ ta fito. Haka d, haka b. Ba sai an riƙe biyu a tare ba. Baffa ya gwada. Ya rubuta sunansa, ya zauna yana kallonsa. Sannan Ba Saleh ya shiga wani wuri da aka tanada don masu larurar hannu, ya kunna wani abu, ya ce daga yanzu in yatsa ya yi rawa ya bugi harafi sau biyu a jere, kwamfutar za ta ɗauki na farko ta yi watsi da na biyu.

Baffa ya ce to a kora ta da kaya. Na karanto masa abin da za a sa a katin Wasila, yana bugawa. Bai duba gilashi ba, don tun zamanin tafireta madannai yake kallo. Yatsun suna tafiya, babu komawa baya, babu goge-goge. Rabon da in ga ya yi rubutu haka har na manta. Aka haɗa firinta, takarda ta fito, ya miƙo mini ya ce in karanta da ƙarfi, yadda aka rubuta.

Na fara. "Asalamu alaikum. Iyalan marigayi Alhaji Lawal suna gayatar..." Na tsaya.

"Ci gaba."

"Bayan salar azahar. Baban baƙo, Alhaji Mohamed..."

Ba Saleh ya fashe da dariya. "Baban baƙo! To shi baƙon ina yake, sai babansa aka gayyato?"

Baffa bai yi dariya ba. Ya karɓi takardar, ya nisanta ta, ya kusanto ta. Hannun yana rawa har takardar na ƙara. Ya ajiye, ya ce a hankali, "Na buga su. Wallahi na ji na buga su." Sannan ya ce, "In hannu ne, da sauƙi. Amma in har ina jin na buga abu alhali ban buga ba, to ba hannu ba ne kuma. Saleh, naɗe mini ita."

Dariyar Ba Saleh ta ɗauke. Ni kuma na rasa inda zan sa idona, sai na mayar da shi kan takardar. Ƙugiyoyi duk suna nan, ko ɗaya bai ɓace ba. Na bi kalmomin da suka lalace: assalamu, gayyatar, sallar, babban. Na ce, "Baffa, duk masu shadda ne."

"Me?"

"Duk inda harafi ya zo biyu a jere, nan ne ɗaya ya faɗi. Sauran lafiya lau."

Ba Saleh ya dafe kai. Ya jawo madannan ya buga hannu da nasa lafiyayyen hannun, sai ga hanu. Ya buga kunne, ga kune. Ya ce, "La ilaha illallahu. Ni na ce mata ta yi watsi da na biyu. Ita ina ta san wanda ka yi niyya da wanda hannu ya yi?"

Baffa ya dube shi, ya dubi gilashin. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Wato ɓeran ne ya cinye."

"Shi ne."

"Na ce! Ka ba Babarbare amanar haruffa, ya sa musu ɓera."

Daga nan abin ya koma bincike, kuma a nan na ga ainihin Baffa. Ashe akwai wani ɗan ma'auni da ake ja, mai faɗa wa kwamfutar tsawon lokacin da za ta jira kafin ta yarda bugu na biyu da gangan ne. In aka ja shi can, sai ta cinye shadda. In aka dawo da shi nan, sai aurre ya dawo. Baffa ya ce ashe rawar hannunsa tana da nata sauri, niyyarsa tana da nata, sai a nemo tsakaninsu. Ba Saleh yana ja kaɗan-kaɗan, Baffa yana buga babba, babba, babba, ni ina karantawa. Wani lokaci baba, wani lokaci babbba. Wani mai sayar da rake da ya tsaya a ƙofa ya tambaya ko karatu ake koya wa tsohon. A ƙarshe aka samu wurin da ya fi dacewa, shi kuma Baffa ya ce zai riƙa ɗan tsayawa a kan harafi mai shadda, kamar yadda ake yi a karatun allo. Ya sake buga katin daga farko. Na karanta sau biyu, na ba Ba Saleh ya karanta. Babu abin da ya faɗi.

Sai a sannan ya yarda aka kwashe ayyukansa aka sa Mai Ɓera ta zauna a kwamfutar dindindin. Maganar Ba Saleh ta tabbata, tsofaffin katunansa da yawa sun buɗe a karkace, kwalliyar gefensu ta watse. Akwai wani zanen ganye da ya fi shekara goma yana sa wa katin suna, bai dawo ba har yau, kuma har yau yana ambatonsa. Sabuwar manhajar zanen ma ta ba shi wuya, ya yi makonni yana mita. Katin Wasila dai ya fito ba furanni, rubutu ne baƙi a kan farar takarda mai kauri, da siririn layi a gefe. Nana ta sa na karanta mata har ƙasa. Da na zo "Ana maraba da baƙi," ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce to, yanzu a ƙara shinkafa duk da haka.

Mahfuz ya zo bikin, ya leƙa shagon, ya ga mahaifinsa yana aiki, bai sake tayar da maganar ba. Baffa yana nan yana buɗewa kullum bayan hantsi. Hannun bai daina rawa ba, ya ma ɗan ƙaru, kuma an sake ja masa ma'aunin nan sau ɗaya da na sani. Duk katin da ya fito daga shagonsa ya shigo gidanmu, sai na karanta shi tun daga bismilla har ƙasa kafin in duba ko bikin wa ake yi. Ƙannena suna yi mini dariya. Ba su san dalili ba.

A motar da ta dawo da mu daga Gashua ne, mun wuce Jajimaji rana ta yi sanyi, yana rungume da kwamfutarsa a bargo, ya juyo ya ce mini:

"Jikar Lawal, zan roƙe ki abu guda. Mahfuz tausayina yake ji, Saleh kuma ko na yi daidai zai ce na yi kuskure. Ke ce mai karanta abu yadda aka rubuta shi. Ranar da kika ga takarda ta fito daga hannuna da baƙi babu ƙugiya, kada ki gyara mini a ɓoye, kada kuma ki ji kunyata. Ki zo shago ki ajiye ta a gabana. Ni zan rufe ƙofar da kaina."